Mu Koyar da Kalmomin Ingilishi Daga Saiwarsu



Dukkanmu mun san yadda ɗalibanmu kan haddace jerin kalmomin Ingilishi ranar Litinin, kafin Juma'a sun zube. Ga shi kuwa da wannan harshe suke amsa kusan kowane darasi a jarrabawar WAEC da NECO, kuma wanda bai samu kiredit a Ingilishi ba, shiga jami'a kan gagare shi. Hadda kaɗai ba za ta fisshe su ba.

Hanyar da muke kira a bi ba baƙuwa ba ce ga yaranmu. Yaron da ya san karanta da makaranta, buɗe da mabuɗi, rubuta da marubuci, ya riga ya san aikin ɗafa-goshi, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Daga nan ya kamata mu ɗora.

Kalmomin ilimi na Ingilishi galibi daga Latin da Girkanci suka fito, da yawa ta hanyar Faransanci, bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066. Saiwar port ta Latin na nufin ɗauka. Idan ɗalibi ya riƙe ta, ya san ex- fita ne, im- shiga, trans- ƙetarewa, to export da import da transport sun zama nasa. Haka bio rai, geo ƙasa, logy nazari, graphy rubutu: guntaye huɗu, sai ga biology, geology, geography da biography.

Ɗafa-ƙeya kuma nahawu yake koyarwa. Kalmar da ta ƙare da -tion galibi suna ce, -er kuwa kan nuna mai aikatawa, kamar yadda ma- ke yi a manomi.

Sai dai mu gargaɗe su: un- da ke cikin unkind korewa ce, amma ta uncle ba ɗafi ba ce. Saiwa hasashe take bayarwa, jimla da ƙamus su ke tabbatarwa.

Roƙonmu shi ne kowace makaranta a wannan reshe ta riƙa zaɓen saiwa ɗaya duk mako, a rubuta ta a gefen allo, malaman kimiyya da lissafi su ma su nuna ta a darussansu. Mu fara tun aji ɗaya na ƙaramar sakandare, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya yi wa aikinmu albarka.