Jawabin Kwamitin Lafiya Kan Gyambon Cikin da Ya Ƙi Jin Magani

Shugaba, dattawa, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa mazauna Wunti, muna godiya da wannan dama.

Kullum ƙorafin ɗaya ne: wai an sha maganin olsa har mako biyu, amma ga zafin ƙirji nan ya dawo. To jama'a, yawancin gyambon ciki ba yunwa ko yaji ke kawo shi ba. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu, Warren da Marshall, suka gano a Ostireliya a 1982. Shi Marshall ma kwankwaɗar ta ya yi a 1984 don a yarda da shi. In ta daɗe a ciki tana iya jawo zubar jini, har da ciwon daji.

Zagayen farko galibi omeprazole ne da amoxicillin da clarithromycin. Matsalar ita ce ƙwayar ta fara raina wasunsu. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, da hannunmu a ciki. Ɗan gudawa kaɗan sai a aiki yaro kemis ya sayo Flagyl ƙwaya huɗu, a sha biyu, a ajiye sauran. Wannan ai horar da cuta ne.

Idan zagayen farko bai yi ba, don Allah kada a sake sayen irinsa. Ƙwayar da ta tsira daga clarithromycin ba za ta ji shi a karo na biyu ba. A koma wa likita da kwalayen duk abin da aka sha. Akwai haɗi na ceto mai magani huɗu: bismuth, tetracycline, metronidazole da maganin rage tsamin ciki, kwana 10 zuwa 14. Ƙwayoyin suna da yawa, baki zai yi ɗaci, bayan gida da harshe su yi baƙi saboda bismuth. Wannan ba dalilin dainawa ba ne. Amma mai juna biyu da ƙananan yara ba a ba su tetracycline, kuma ba a haɗa shi da nono ko madara. Masu fura a kiyaye! Wani likitan yakan zaɓi levofloxacin, sai rifabutin a can ƙarshe, domin dangin maganin tarin fuka ne, ba a son ɓarnatar da shi.

Jin sauƙi ba shi ne warkewa ba. Bayan gama magani da mako huɗu a yi gwajin bayan gida ko na numfashi, an kuma ajiye omeprazole mako biyu kafin gwajin. Gwajin jini ba ya nuna an rabu da ita.

Wanda ya ga aman jini, ko rama ba dalili, ko baƙin bayan gida alhali ba ya shan bismuth, kada ya jira taron wata. Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa na nan cikin gari.