Kalmomi Tara da Mutuncin Matafiyi

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyar malamai ta NUT, reshen Mai'aduwa

 

Mu mutanen Mai'aduwa mun saba da tafiya. Ga Kwangwalam a bakin ƙofarmu, hanyar Damagaram, kuma duk wanda ya tsallaka Nijar, Hausarsa ta wadatar da shi. Wahalar tana farawa ne in aka hau jirgi: alhaji a filin jirgin Jidda, ɗalibi a Indiya ko Ingila, ko malamin da shirin TAC, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1987, ya tura koyarwa Gambiya ko Uganda. A can da Turanci ake neman hanya, da shi ake neman abinci.

Wani tsohon ɗalibina da ya tafi karatu Ingila ya ba ni labari. Ranar farko ya shiga gidan abinci ya ce wa mai hidima, "Give me rice." Matar ta haɗe rai, ta kawo ta dangwarar masa. Ya kwana yana tunanin ƙiyayya ce. Yaron nan mai ladabi ne, ni shaida ne, kuma ya ci Turanci a jarrabawar WAEC. Laifin namu ne da muka koya masa.

Bahaushe yana zuba ladabinsa a gaisuwa, da rusunawa, da "don Allah". Bature yana zuba nasa a cikin wasu ƙananan kalmomi tara masu rakiyar aikatau: can, could, may, might, shall, should, will, would da must. Mun koya wa yara cewa aikatau yana binsu tsurarsa, ba a ƙara masa "s", ba a sa masa "to". Wannan daidai ne. Abin da muka bari shi ne aikinsu a bakin mutane.

Mu fara da tafiya. Mai neman hanya zai ce, "Could you help me, please?" wato "Ko za ka taimaka mini?" Sai dai a kula da bambancin "must not" da "don't have to". Na farko hani ne, na biyu zaɓi ne. In jami'i ya ce "You must not carry this," ajiyewa za ka yi, ba jayayya. In ya ce "You don't have to," yi da bari duk naka ne. Rikita waɗannan biyu kan jawo wa matafiyi asarar kaya ko tara.

A wurin cin abinci, "I would like rice" ko "May I have water?" su ne ladabi. Musulmi kuma yana buƙatar jimla guda fiye da kowa: "I can't eat pork," wato naman alade bai halatta gare ni ba. Ya ƙara da "Could you tell me if this is halal?" Matambayi ba ya ɓata.

Sai zumunci. A nan in an yi wa baƙo tayi, kunya kan sa ya ce ya ƙoshi, mai gida kuma ya matsa har sai ya ci. A can in aka ce "Would you like some tea?" ka ce a'a, galibi an gama, sai ka kwana da yunwarka. In kana so, ka ce "Yes, I would, thank you." Haka kuma in abokin aiki ya ce "You must visit us," ba umarni yake ba ka ba, ƙaunar zuwanka yake nunawa.

Roƙona gare mu, 'yan uwa, mu ware minti goma a kowane mako mu mai da aji tasha ko gidan abinci. Wannan yaro ya zama matafiyi, wancan jami'i, wata ta zama mai hidima, su roƙa, su tambaya, su ƙi tayi cikin ladabi. Ba ya buƙatar kuɗi ko sabon littafi. Iyaye kuma ku tambayi yaranku a gida yadda ake neman ruwa da Turanci, ku saurari abin da za su ce.

Ɗanmu in ya fita, da shi za a auna Mai'aduwa da ƙasar Daura baki ɗaya. Tarbiyya ya riga ya samu a gida, saura mu ba shi kalmomin da zai nuna ta.

Allah ya sa mu dace, ya yi wa aikinmu albarka.