Abin da Ke Hana Kwamfuta Tashi Bayan An Girka Mata Babbar Manhaja

Tashin kwamfuta yana bin matakai uku. Da an latsa maɓallin kunnawa, ƙaramar manhajar da kamfani ya dasa a cikin na'urar, wato BIOS ko UEFI, ita ke fara aiki. Ita ce ke neman manhajar tayarwa da ke kan faifan ajiya, kamar GRUB ko Windows Boot Manager, wannan kuma ta ɗauko babbar manhajar, Windows ce ko Linux. Idan an gama girkawa lafiya amma kwamfuta ta ƙi tashi, to a ɗaya daga cikin matakan nan aka samu tsaiko. Rubutun da ya fito a sikirin shi ke nuna inda aka tsaya, saboda haka ana karanta shi da kyau kafin a taɓa komai.

Saƙo irin su "No bootable device" yana nuna tun a matakin farko aka tsaya: na'ura ta duba ba ta ga abin da za ta miƙa wa aiki ba. A nan ake fara duba abubuwa masu sauƙi. An cire filashin da aka yi girkawar da shi? Faifan yana cikin jerin abubuwan da na'ura ke tashi daga gare su, kuma shi ne a sama? Ana shiga saitin BIOS ko UEFI ne da zarar an kunna, galibi da F2 a kwamfutocin Dell, F10 a na HP, F1 a ThinkPad.

Babbar matsalar wannan mataki ita ce saɓani tsakanin tsohon tsari da sabo. BIOS ya samo asali tun daga kwamfutar IBM ta 1981, yana kuma aiki da tsarin raba faifai da ake kira MBR, inda bayanin tayarwa ke zaune a bayit 512 na farkon faifai. Wannan tsari ba ya ɗaukar manyan yankuna fiye da 4, kuma ba ya iya amfani da abin da ya haura kimanin terabayit 2. UEFI kuwa yana tafiya da tsarin GPT, kuma yana neman wani ƙaramin yanki na musamman a faifai, mai tsarin FAT32, inda fayilolin tayarwa suke. Kwamfutoci da yawa suna iya bin kowanne daga cikin biyun, kuma nan ne gizo ke saƙa. Idan aka tayar da filashi a tsohon tsari, to a tsohon tsari za a girka manhajar. In daga baya na'urar ta koma UEFI, ba za ta ga komai ba, alhali fayilolin suna nan lafiya lau. Maganin shi ne a mayar da saitin yadda yake lokacin girkawa. Manhajar Rufus, wadda ake shirya filashi da ita, tana tambayar MBR ko GPT tun da farko, kuma da yawa daga masu gyara suna wuce tambayar ba tare da sun duba ba. Windows 11, da ta fito a 2021, a tsarin UEFI kaɗai aka amince a girka ta, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0.

Akwai kuma Secure Boot, wanda ya yaɗu tare da Windows 8 a 2012. Aikinsa shi ne hana duk wata manhajar tayarwa da ba ta da amintaccen sa hannu. Ubuntu da Fedora suna wucewa ba matsala, amma wasu nau'o'in Linux sai an kashe shi. Sai dai a yi hattara: idan faifan yana kulle da BitLocker, sauya wannan saiti na iya sa Windows ta nemi lambar buɗewa mai alƙaluma 48, wanda bai adana ta ba kuwa ya shiga uku.

Tsofaffin kwamfutoci na hannu da suka cika kasuwanninmu suna da tasu cutar. Ƙaramin batirin da ke riƙe saitin na'ura, galibi CR2032, yakan mutu da tsufa, sai duk abin da aka saita ya goge da zarar wuta ta yanke. Alamarsa ita ce agogo da kwanan wata su riƙa komawa baya.

A mataki na biyu, na'ura ta ga faifai amma manhajar tayarwa ta lalace ko ta ɓata hanya. A Linux alamar ita ce baƙin sikirin mai ɗauke da "grub rescue". Ana tayar da kwamfutar daga filashi, a shiga manhajar da ke kan faifai ta hanyar chroot, sannan a yi grub-install da update-grub. Wanda bai saba da rubuta umarni ba yana iya amfani da Boot-Repair. A Windows ana shiga sashen gyara na filashin girkawa a gwada Startup Repair, in bai yi ba a sake rubuta fayilolin tayarwa da bcdboot. Masu haɗa Windows da Linux a faifai ɗaya su suka fi cin karo da wannan, don haka ake fara girka Windows sannan Linux ta biyo baya. Tun daga GRUB 2.06 kuma an kashe os-prober mai gano sauran manhajoji, shi ya sa wani lokaci Windows ba ta fitowa a jeri sai an kunna shi.

Mataki na uku shi ne inda tambarin manhajar ya bayyana sannan komai ya tsaya. A Windows, sikirin mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE yawanci yana nufin an sauya yadda na'ura ke magana da faifai, tsakanin AHCI da RAID, bayan an gama girkawa. Baƙin sikirin a Linux kuwa sau da yawa daga katin hoto yake, musamman na NVIDIA, kuma ƙara kalmar nomodeset a layin GRUB yakan ba da damar shiga a saka direban da ya dace.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a tuhumi girkawar kanta. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki, ko fayil ɗin da bai sauko cikakke daga intanet ba, ko filashi na jabu, duk suna barin manhaja rabi da rabi. Kwatanta lambar SHA256 ta fayil da wadda masu manhajar suka wallafa yana warware shakka cikin 'yan mintoci, bayanan SMART kuma suna nuna ko faifan ne ke mutuwa. A nan ne kaɗai sake girkawa ke da hujja, kuma ko a nan ɗin, wajibi ne a fara tayar da kwamfutar daga filashin Linux a kwashe takardu da hotunan mai ita zuwa wani faifai kafin a goge komai.