CIKI MA YANA DA 'YAN AIKE: JAN HANKALI GA MATASA A GUSAU

Wannan taƙaitaccen jawabi ne da wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar a zaman ta'alimin matasa a garin Gusau, wanda 'yan'uwa daga Tsafe da Bunguɗu suka halarta.

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzon Allah (S), mai jawabin ya soma da tambaya. Ya ce, me ya sa saurayi majiyin ƙarfi zai wuni da azumi garau, amma da an sha ruwa sai ya kasa tsayuwar Asham, yana gyangyaɗi a sahu? Ya ce amsar tana cikin cikinsa.

Ya bayyana cewa Allah Ya sanya 'yan aike tsakanin ciki da ƙwaƙwalwa, kuma iri biyu ne. Na farko jijiyoyi ne. Akwai wata doguwar jijiya da likitoci ke kira bagus, wadda ta sauko daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi wuya da ƙirji har tumbi da hanji. Idan tumbi ya cika ya buɗe, ita ke kai rahoto sama. Na biyu kuwa wasu sinadarai ne da ciki ke zubawa cikin jini. Ya ce a shekarar 1902 wasu masana biyu a Landan, Bayliss da Starling, suka gano na farkonsu, wanda hanji ke aika wa fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, don ta zubo ruwan narkar da abinci.

Ya ci gaba da cewa ɗan aiken yunwa sunansa girelin, masana a Japan suka gano shi a 1999. Tumbi ke fitar da shi, kuma yana tasowa ne daidai lokacin da mutum ya saba cin abinci, sannan ya lafa. Shi ya sa a farkon Ramadan yunwa kan taso da azahar kamar za ta kayar da mutum, amma in ya daure sai ta wuce. Ya ce, 'yan'uwa, yunwar nan baƙo ce mai ƙwanƙwasa ƙofa, in ba a buɗe ba takan koma.

Game da ƙoshi kuwa, ya ce 'yan aikensa daga hanji suke tasowa, kuma ba su da sauri. Sai abinci ya fara isa hanji kafin su tashi, su rage gudun tumbi, su gaya wa ƙwaƙwalwa ya isa haka. Wannan yakan ɗauki kamar minti ashirin. To wanda ya auka wa ƙosai da kunu da shinkafa a minti biyar, ya kora da lemon kwalba, ya riga ya wuce iyaka kafin saƙo ya iso. Ya ce a nan ne za a ga hikimar Hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Manzon Allah (S) ya karantar da raba ciki kashi uku, na abinci da na abin sha da na numfashi. Haka nan aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta kuma hana ɓarna.

Mai jawabin ya ƙara da cewa ba kowane abinci ke tayar da 'yan aiken ƙoshi daidai ba. Wake, gyaɗa, nono, kwaɗon zogale da rama, tuwon dawa da furar gero, waɗannan suna daɗewa a ciki, suna sakin sukari a hankali. Amma farin burodi da shayi mai cokali huɗu na sukari suna tayar da sukarin jini nan take, sai fankiriyas ta yi ta zubo insulin don ta sauko da shi, jim kaɗan yunwa ta dawo. Idan aka shekara da shekaru a haka, ga teɓa ga rashin motsa jiki, jiki kan daina jin maganar insulin, ciwon sukari ya kama. Ya ce yau a Amurka da Turai masu kuɗi na sayen allurar Ozempic da tsada, alhali aikinta kwaikwayon ɗaya daga cikin 'yan aiken ƙoshin nan ne da Allah Ya sanya a hanjin kowa kyauta.

Ya ja kunnen masu kwana hira da latsa waya, domin ƙarancin barci yana ƙara ɗan aiken yunwa. Ya kuma ce duk mai ciwon sukari ko gyambon ciki ya ga likita kafin ya ɗauki azumi. Mai yawan ƙishirwa da fitsari da rama ya je a auna jininsa, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin da ya fi kusa da shi.

Daga ƙarshe ya tunatar da cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, ba a ce kowa ya horar da kansa da yunwa ba. Amma a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu akwai waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, yunwarsu ba ta wucewa da shan ruwa. Ya ce kashin nan na uku da ɗan'uwa ya bari a kwano, ya san inda zai kai shi. Wanda bai iya mallakar cikinsa ba, da wuya ya ɗauki nauyin addini.

An rufe zaman da addu'a.