Matambayi Ba Ya Ɓata: Jawabi Ga Masu Neman Aiki



Maganarmu ta yau a kan mintocin ƙarshe ne na ganawar neman aiki. Bayan masu ɗaukar aiki sun gama yi wa mutum tambayoyi, shugaban kwamiti yakan dube shi ya ce, "To, ko kana da abin da kake so ka tambaye mu?" A nan ne da yawa daga cikin samarinmu da 'yanmatanmu sukan sunkuyar da kai su ce babu, suna zaton hakan shi ne ladabi. Haƙiƙa ladabi abu ne mai kyau, amma wanda ya karɓi aiki bai san sharuɗɗansa ba, sau da yawa sai ya shiga ya tarar aikin wucin gadi ne, ko kuwa an tura shi garin da ba zai iya zama da iyalinsa ba. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

Tambaya ta farko ta zama a kan aikin kansa. Mai nema ya ce, "Ranka ya daɗe, wane aiki ne zan riƙa yi kullum, kuma a ƙarƙashin wa?" Ya kuma tambayi abin da ake so sabon ma'aikaci ya iya cikin watanninsa na farko. Wannan yana nuna wa kwamiti cewa hankalinsa yana kan aikin, ba kan kuɗi kaɗai ba.

Ta biyu, irin ɗaukar da za a yi masa: na dindindin ne, ko na kwantiragi, ko na wucin gadi? Akwai lokacin gwaji, kuma wata nawa ne? A aikin Gwamnatin Tarayya shekara 2 ake yi kafin a tabbatar da ma'aikaci, amma kamfanoni kowane da nasa tsarin.

Ta uku, takarda. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin cikar wata 3 da fara aiki. Ta ba shi hutu na aƙalla kwana 6 na aiki tare da biya bayan ya yi wata 12 a jere. Ta kuma tanadi notis kafin rabuwa: mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa 5, wata 1 ga wanda ya kai shekara 5. Sai dai a lura, wannan doka ta fi shafar leburori da akawuna. Manyan ma'aikata da ƙwararru, abin da ke rubuce a takardarsu shi ne madogararsu, saboda haka su ne ma suka fi bukatar su tambaya.

Ta huɗu, ci gaba. Ana tura ma'aikata kwas? Yaya ake ƙarin girma, da jarrabawa ko da yawan shekaru? Ana canja wa mutum wurin aiki zuwa wata jiha?

Ta biyar, tanadin tsufa. Bisa Dokar Fansho ta 2014, ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai ɗaukar aiki kuma kashi 10, kuma dokar ta hau kan kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye. Tambayar ko ana zuba wannan kuɗi ba rashin kunya ba ce, haƙƙi ne.

Batun albashi kuwa yana son dabara. Idan kwamiti bai ambata ba, kada a fara da shi. A bar shi zuwa ƙarshe, a ce, "Ko za a taimaka a bayyana mini matakin albashin wannan muƙami da alawus ɗinsa?" Ya kamata a sani cewa a shekarar 2024 an ƙayyade mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata, ko da yake dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba.

Kada a jero waɗannan duka a zama ɗaya. A zaɓi biyu ko uku da suka fi muhimmanci, a rubuta su tun daga gida. Kada a tambayi abin da aka riga aka bayyana a sanarwar aikin, domin hakan yana nuna ba a karanta ba. A rufe da tambayar yaushe za a ji sakamako, kuma ta wace hanya, sa'an nan a yi godiya.

Akwai kuma gargaɗi. Idan amsar da aka ba ka ita ce sai ka biya wani kuɗi kafin a ba ka takardar ɗaukar aiki, to, ka kama gabanka. Aikin gaskiya shi ke biyan ma'aikaci, ba ma'aikaci ke sayensa ba.

Iyaye da malamai, ku isar da wannan ga 'ya'yanku da ɗalibanku. Allah ya ba mai nema sa'a, ya sa albarka a abin da ya samu.