Ciwon Gwiwa Da Ciwon Hanta: Jawabi Ga Jama'a



Idan gwiwa ta dami mutum, akan ce sanyi ne ko tsufa, kuma sau da yawa hakan ne. Amma akwai ciwon gwiwar da ke tafiya tare da daɗaɗɗen ciwon hanta, ta hanyoyi uku.

Ta farko ita ce ƙwayoyin cutar hanta, nau'in B da aka gano alamarsa cikin jini a 1965, da nau'in C da aka gano a 1989. Yayin da jiki yake yaƙi da su, gaɓoɓi kan yi ciwo, wani lokaci har su kumbura. A nau'in B, wannan kan zo tun kafin idanu su nuna shawara.

Ta biyu ita ce ƙiba. Kitsen da ke taruwa a hanta yana kumbura ta, nauyin jiki kuma yana cinye guringuntsin gwiwa.

Ta uku, hanta ce ke fara sarrafa bitamin D mai ƙarfafa ƙashi. In ta daɗe da rauni, sai ƙashi ya yi rauni shi ma.

Babban haɗarin yana wajen neman sauƙi. Mai ciwon gwiwa kan nufi kemis ya sayi asfirin ko ibufurofen ya yi ta sha, alhali bai san halin da hantarsa take ciki ba. Ga wanda hantarsa ta ƙanƙance, waɗannan magunguna suna iya jawo aman jini da lalacewar ƙoda. Farasitamol ma, in ya wuce ƙima, yana yi wa hanta lahani. Haka nan giya, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Saboda haka, duk wanda ciwon gwiwa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, musamman in akwai kasala, ko kumburin ciki da ƙafafu, ko fitsari mai duhu, ya je asibiti a auna jininsa. Nau'in C yana warkewa da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12. Nau'in B kuwa akwai maganin danne shi. Tun 2004 aka sa allurar rigakafinsa cikin alluran yara a Nijeriya, kuma ana so jariri ya sami ta farko cikin awa 24 da haihuwarsa.

Iyaye da magidanta, a kula. Allah Ya ba mu lafiya, amin.