Matan Tozai na Da da Tarihin Gobir

In ana ba da tarihin Gobir, daga faɗuwar Alƙalawa a 1808 zuwa kafuwar Sabon Birni, sunayen sarakuna da mayaƙa ake ji. Amma a da, a Tozai da ƙauyukan ƙasar Isa, matar da ke surfen gero tun asuba ita ta riƙe zuri'a. Wani zai ce ai aikin gida ne kawai. To, zaren da ta kaɗa da mazari shi masaƙa ke saye, kuma in damina ta gaza, kuɗin daddawarta da awakinta ke ciyar da yara har kaka. Ko a fadar Gobir ma, Inna tana da sarautarta, tana jagorantar mata da 'yan bori.